Na Ba Ɗalibaina Amsar da Ba Daidai Ba Kan Tauraron Ɗan Adam, In Koma In Gyara?

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, aji biyar nake riƙe da shi, shekarata ta uku ke nan a koyarwa. A zangon nan aka ɗora mini darasin kimiyya, kuma cikin abin da zan koyar har da roka da taurarin ɗan Adam. Ni kuwa ba kimiyya na karanta ba. Na rubuta abin da ke cikin littafi a allo, yara na kwafa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa tauraron ba ya faɗowa?" Na ce mata ai can sama babu abin da ke jawo abu ƙasa. Wani yaro ya ce, "To me ke riƙe da wata?" Na duba agogo na ce lokaci ya ƙure. Muna fita kuma wani ya ce babansa ya gaya masa ƙarya ce, ba wanda ya taɓa taka wata. Tun ranar abin yake damuna, don jikina ya ba ni amsar da na bayar ba daidai ba ce. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da majigi, kuma darasi uku suka rage mini a kan batun. In koma in ce na yi kuskure? Ina tsoron su raina ni.

Malamar aji biyar

Wa alaikumus salam Malama. Ki koma ki gyara, kuma da gyaran za ki buɗe darasi na gaba, ba a ƙarshensa ba ana shirin tashi. Jikinki ya gaya miki gaskiya, amsar ba daidai ba ce. Sai dai ki kwantar da hankalinki, amsa ce da manya masu takardun digiri suke bayarwa kullum ba tare da ko ɗar ba. Bambancinki da su shi ne ke ta hana ki barci.

Batun raini kuwa, ni a abin da na gani na aji, yara ba sa raina malamin da ya ce "na je na bincika, ga yadda abin yake". Wanda suke ganowa da wuri shi ne mai duba agogo duk lokacin da tambaya ta yi tsauri. Sau ɗaya kika yi, ba a riga an sa miki suna ba. Ki shiga aji, ki kira yarinyar nan da sunanta, ki ce tambayarta ta sa ki bincike, ki kira yaron da ya kawo zancen wata ki ce shi ne ya kama kuskuren. Kuma da gaske ya kama shi: da a ce babu abin da ke jan abubuwa a can sama, da wata ya daɗe da kama gabansa. Tunanin da yaron nan ya yi, shi ne kusan tunanin da ya kai masanin kimiyya na Ingila, Isaac Newton, ga bayanin da ya wallafa a 1687, cewa ƙarfin da ke faɗo da abu daga bishiya shi ne dai ke riƙe da wata.

To ga amsar yarinyar, kuma a kanta zan fi daɗewa, don idan ita kaɗai suka fahimta a zangon nan, kin ci riba.

Tauraron ɗan Adam faɗowa yake yi. Kullum cikin faɗowa yake, dare da rana. Abin da ya hana shi dira a ƙasa shi ne tsananin gudun da yake yi ta gefe. Ki fita da su fili, ki ba yaro ƙwallo ki ce ya jefa a hankali zuwa gaba. Ta faɗi kusa. Wani ya jefa da ƙarfi, ta faɗi can gaba. A kawo ƙarfafan aji, tasa ta wuce ta kowa. Sai ki tambaye su: duk ƙwallayen nan akwai wadda ba ta faɗi ba? Babu. Me ya bambanta su? Nisan da suka ci kafin su taɓa ƙasa. Daga nan ki koma allo, ki zana babban da'ira, ki ce duniya ce, ki ɗora dogon dutse a samanta da mutum a kai yana jifa. Jifan farko ya lanƙwasa ya faɗi a gindin dutsen. Na biyu ya faɗi gaba. Na uku ya ci kwata na da'irar kafin ya sauka. Ki dakata nan, ki miƙa wa wani allin ki ce ya zana jifan da ya fi wannan ƙarfi. A hannunsu za ki ga layin ya zagaye da'irar ya dawo ƙeyar mai jifan. Kada ki riga su faɗa. Ki bar wani a cikinsu ya yi ihun "Malama, ai ba za ta faɗi ba!" Wannan zanen ma na Newton ne, da igwa a kan dutse ya kwatanta shi.

Ga lissafin da ke ƙarƙashinsa, don ke ki tsaya da ƙafarki ko da ba ki ba su duka ba. Abin da aka saki yana faɗuwar kusan mita 5 a daƙiƙar farko. Ita kuma duniya, da yake a dunƙule take, a duk tafiyar kilomita 8 doronta yana lanƙwasawa ƙasa da kusan mita 5. Saboda haka abin da ke gudun kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, kafin ya faɗi mita biyar ɗin nan, ƙasar ma ta zame masa da mita biyar. Yana bin ta, tana kauce masa, har ya zagayo. Gudun nan ya kai wajen kilomita 28,000 a awa. Da shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take zagaye duniya cikin kusan minti 90, mutanen cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Wannan adadin yara na son sa, ki ba su.

Za su ce miki, to me ya sa 'yan sama jannati ke yawo a iska kamar auduga? Nan ne asalin kuskuren da kika yi, kuma kowa daga hotunan nan ya ɗauko shi. A tsayin da tashar take, wajen kilomita 400, jan da ƙasa ke yi bai ragu sosai ba, yana nan kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Suna shawagi ne saboda su da ɗakin da suke ciki tare suke faɗuwa, ba wanda ke danne wani. Akwai gwajin da ke nuna wannan cikin daƙiƙa ɗaya: ki samu robar ruwa, ki huda ta kusa da gindi, ki cika ta, ki bar bakinta a buɗe. Ruwa zai riƙa tsartuwa ta hudar. Ki hau kan benci, ki sake ta. Muddin tana faɗuwa, tsartuwar za ta tsaya cak, don ruwan da robar tafiya ɗaya suke yi. Ki maimaita sau uku ko huɗu, don a karon farko rabin ajin dariya za su yi, ba kallo ba.

Mutane da yawa suna amfani da ƙwallon da aka ɗaure da zare ana juya shi a sama da kai, zaren ya zama jan ƙasa, in an saki ya tafi. Yana da amfani, musamman ga tambayar wata. Ki dai yi shi da tsumma a dunƙule cikin safa, kada ki yarda a ɗaura dutse, don sai wani ya saki.

Sai roka. Littafinku wataƙila ya ce tana tashi ne saboda wuta na fita ta ƙasanta, wanda gaskiya ne amma bai bayyana komai ba. Abin da za su riƙe shi ne: in ka tura abu baya, shi ma zai tura ka gaba. Wanda ya yi tsalle daga kwale-kwale zuwa gaɓa ya san kwale-kwalen baya yake yi. Roka tana ƙona mai, tana watso iska mai zafi ta baya da mugun gudu, iskar kuma tana ingiza ta gaba. Gwajin da aka saba shi ne na balan-balan: ki zura dogon zare cikin siririn bututun roba irin na zuƙar abin sha, ki ɗaure zaren daga taga zuwa taga, ki hura balan-balan ki riƙe bakinsa, ki manna shi a jikin bututun da salatef, a ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ki saki. Ki gwada a gida tukuna. Ranar da na fara yin sa a gaban aji ban ja zaren ya yi tauri ba, balan-balan ɗin ya yi ta juyi a wuri ɗaya yana wani irin kuka, yara suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa daga benci. Na ɗaure fuska na ce su gaya mini abin da ya lalace. Wata 'yar ƙarama a layin gaba ce ta ce zaren ya yi sako-sako. Daga ranar nake barin su nemo matsalar da kansu, sun fi tuna abin da suka gyara fiye da abin da ya tafi daidai.

Amma ki yi hattara da gwajin nan, yana da tarko. Yara, da manya ma, za su ɗauka iskar da ke fita tana dogara ne da iskar ɗakin tana turawa, kamar mai tura bango. In haka ne, roka ba za ta yi aiki ba a inda babu iska. Alhali a can ta fi aiki. Ki ba su labarin Robert Goddard, Ba'amurken da ya fara harba roka mai amfani da mai na ruwa a ranar 16 ga Maris 1926. Ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta kai tsayin wajen mita 12, ta faɗo. Tun kafin nan, a 1920, jaridar New York Times ta yi masa ba'a a rubuce, cewa bai san abin da ake koya wa ɗaliban sakandare ba, wai roka na bukatar iskar da za ta tura. Jaridar ba ta janye maganar ba sai a ranar 17 ga Yuli 1969, kwana ɗaya bayan kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa wata, lokacin Goddard ya yi kusan shekara 24 da mutuwa. Kin ga ke mako guda kawai kika yi kafin ki gyara naki.

Don ki toshe wannan ɓarakar, in akwai kujera mai taya ko wani abu mai gangarawa a makarantar, ki zaunar da yaro a kai ya ɗage ƙafafunsa, ki ba shi jaka mai nauyi ya wurga gaba da ƙarfi. Zai ja baya. Ba iska ya tura ba, jakar ya tura. Roka ma haka take, "jakarta" ita ce iskar da take watsarwa.

Abu ɗaya ya rage a kan roka: wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. Ki kunna ɗan guntun kyandir, ki kifa kofin gilashi a kai, su ga ya mutu. Jirgin sama yana shaƙar oksijin daga iskar da yake ratsawa, shi ya sa ba zai iya fita daga cikinta ba. Roka kuwa da guzurinta take tafiya, man daban, oksijin daban. Shi ya sa take da girma haka: kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta a lokacin tashi mai ne da oksijin, ɗan abin da ake son kaiwa yana can a tsininta. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata tsawonta ya kai wajen mita 110, amma ɗan ɗakin da 'yan sama jannati uku suka dawo a ciki bai fi cikin mota ba. Kuma a hanya roka tana yar da tankunan da suka ƙare don ta rage kaya. Wanda ya fara tsara lissafin wannan duka, Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, a 1903, malamin makaranta ne kamarki, kuma kunnensa bai ji sosai tun yana yaro. Na faɗa miki wannan don ke, ba don jarrabawa ba.

Da na ambaci wuta, bari in ja miki kunne. Kyandir ɗin nan a hannunki kaɗai zai kasance, kuma shi ne iyakar wutar da za ta shiga darasin. Yaran wannan shekarun in suka ji daɗin abu, gida za su je su ƙara masa gishiri. Ki faɗa musu ƙarara cewa ba a yin roka da ashana, ko fetur, ko wani abu mai fashewa. In kina son abin da zai tashi sama da gaske, akwai rokar ruwa: robar lemo babba, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin da abin toshiya mai ƙaramar huda, a kifa ta, a riƙa hura iska da famfon keke har ta ƙwace. Tana tashi fiye da rufin aji. A fili ake yi, yara su ja baya sosai, ba a leƙa ta ta sama, kuma ba a yi da kwalba. In ba ki samu wani babba ya taya ki tsare yara ba, ki bar ta, balan-balan ya wadatar.

Darasi na uku ki ba taurarin kansu: ina suke, me suke yi. Ki zo da ƙwallon ƙafa ki ce ita ce duniya. Ki tambaye su a ina tashar sararin samaniya take. Za su nuna can nesa, wani ma zai ruga bakin ƙofa. Sai ki ɗora yatsanki a kan ƙwallon ki ce ko kaurin yatsan nan ba ta kai ba, bai cika santimita ɗaya ba. Taurarin GPS, waɗanda ke nuna wa waya inda take, masu nisan wajen kilomita 20,000, suna da tazarar santimita 35 daga ƙwallon. Na talabijin, masu nisan kusan kilomita 36,000, santimita 60 da ɗoriya. Wata kuwa, ki ba wani ƙaramar ƙwallo irin ta tanis ya yi ta tafiya har mita shida da rabi. Ki bar su su auna da kansu da abin awo. Wannan tsayuwar da za su yi a fili, kowa riƙe da nasa, ta fi shafi biyar na rubutu.

A nan za ki iya jefa musu tambaya mai daɗi: in taurari gudu suke yi haka, me ya sa farantin dish ba ya juyawa yana bin su? Amsar ita ce, duk yadda tauraro ya ƙara nisa, zagayensa yana ƙara daɗewa. A nisan kilomita 36,000 ɗin nan, a saitin layin da ya raba duniya arewa da kudu, zagaye ɗaya yana ɗaukar kwana guda, daidai da juyin duniya. Yana tafiya, muna tafiya, sai ya zama kamar a tsaye yake. Ki tsayar da yarinya a tsakiya tana juyawa a hankali, wata tana zagaya ta ta yadda kullum suna fuskantar juna. Shi ke nan. Sauran ayyukan, hasashen yanayi, ɗaukar hoton gonaki da dazuzzuka, nuna wa jiragen ruwa hanya, ki ambata ki wuce. Abin da na ga yana ba yara mamaki shi ne waya ba ta aika wa taurarin GPS komai, saurare kawai take yi, tana bukatar jin aƙalla huɗu kafin ta san inda take.

Tarihi kada ki mayar da shi hadda. Sunaye kaɗan sun isa, kuma a matsayin labari. Sputnik 1, tauraron ɗan Adam na farko, Tarayyar Sobiyet ta harba shi ranar 4 ga Oktoba 1957, dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin santimita 58 da nauyin kilo 83 da ɗoriya, ba abin da yake yi sai ƙara "bip, bip" ta rediyo, batirinsa ya mutu bayan mako uku. Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya zagaya duniya sau ɗaya ranar 12 ga Afrilu 1961, tafiyar minti 108. Saboda yarinyar da ta yi tambayar nan, kada ki manta da Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya, wadda ta yi aiki a masaƙa kafin ta zagaya duniya sau 48 a 1963. In ba su riƙe shekarun ba, ba a yi asarar komai ba.

Sai yaron da babansa ya ce ba a je wata ba. Kada ki ce babansa ya yi ƙarya, kada kuma ki bar aji su yi masa dariya. Yaro ba zai zaɓe ki a kan mahaifinsa ba, kuma bai kamata ki sa shi a wannan tsaka mai wuya ba. Ki ce mutane da dama suna da wannan shakkar, tambaya ce mai kyau, bari mu ga me ake da shi na shaida. Mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972. Sun dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382, waɗanda masana na ƙasashe daban-daban suka yi ta bincike a kansu. Sun bar wasu madubai a can, har yau ana haska su daga nan duniya, hasken ya dawo, a auna nisan wata da shi. Sannan Tarayyar Sobiyet, wadda Amurka da ta tura mutanen ke tsere da ita a lokacin, tana da na'urorin bin diddigin tafiyar, kuma ba ta ƙaryata ba, alhali ita za ta fi kowa murna in ƙarya ce. Ki ajiye masa waɗannan ki bar shi. Ba sai ya ce ya yarda a ranar ba.

Aikin gida kuma kada ya zama na rubutu. Taurarin ɗan Adam ana ganin su da ido, ba sai da na'ura ba. Cikin awa ɗaya ko biyu bayan faɗuwar rana, ko kafin fitowarta, ƙasa ta yi duhu amma can sama rana tana haska su. Ki ce su tsaya a tsakar gida tare da wani babba, su nemi ɗigon haske mai tafiya a miƙe, a natse, ba ƙara, ba ƙyaftawa. In yana ƙyaftawa ja da fari, jirgin sama ne. Wani lokaci za su ga ya dushe ya ɓace a tsakiyar sama, to ya shiga inuwar duniya ke nan. Tashar sararin samaniya ta fi kusan kowane tauraro na dare haske in ta biyo ta kanku, tana ratsa sama cikin 'yan mintuna. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da manhaja mai suna Spot the Station da ke faɗin rana da lokacin da za ta wuce ta garin mutum. Ki duba, ki rubuta musu lokacin a allo da gefen da za ta ɓullo, ki kuma gargaɗe su cewa in akwai hadari ko hazo ba za a gani ba, kada a zo a ce Malama ta sake yin kuskure.

Ke ma ki fita ki duba a daren, don washegari tambayar farko da za su yi miki ita ce ko kin gan ta.